Naman da Ake Binnewa a Gindin Aduwa

Zalika Chindo shekararta talatin da uku, ba ta taɓa aure ba, kuma aikinta tsince wake ne a wata mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi, da ke bayan tashar motoci a Birnin Konni. Shekara shida ke nan tana wannan aiki. Su takwas ne mata a wurin. Da azahar sukan ture matankaɗai gefe, kowace ta juye abin da ta zo da shi a faranti ɗaya. Zalika takan zauna cikinsu, amma ba ta sa hannu sai ta ga kowa ya haɗiye loma uku. Da farko sun ɗauka girman kai ne. Yanzu sun saba, har babbarsu Najiba takan ce, "Ku yi sauri ku mutu mana, Zalika na jin yunwa."

Tana da ƙanwa ɗaya, Sakina, mai shekara ashirin da shida. Sakina na zaune da mahaifinsu, Malam Chindo, a wata tunga da ke tafiyar awa biyu a ƙasa daga Dogarawa. Ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ba ta taɓa hawa mota ba, kuma har zuwa daminar bana ba ta taɓa sa wa bakinta abin da ba a tukunyar gidansu aka dafa ba. Abin da Zalika ta sa a gaba shi ne ta ga Sakina ta fito daga wannan tunga da ƙafarta.

Tungar bukka uku ce, rumbu biyu, rijiya ɗaya, an kewaye su da dangar ƙaya. Daga waje, kusa da ƙofa, akwai wata tsohuwar aduwa. Ba a nan aka haifi yaran ba. A cikin garin Dogarawa aka haife su. Uwarsu, Mubaraka, 'yar Illela ce, Illelar Nijar ba ta ƙetaren iyaka ba. Wata bazara ta je suna gidansu, ta dawo, bayan sati uku zazzaɓi ya kama ta, wuya ya sanƙare, kwana uku ta cika. Likitan da ya duba ta ya ce sanƙarau ne. Zalika na da shekara bakwai a lokacin, Sakina wata biyar.

Ranar sadakar bakwai dangin uwa suka roƙi a ba su jaririyar, kamar yadda aka saba in mai goyo ta rasu. Ƙanwar mamaciyar, Mariyamu, tana shayarwa a lokacin, ta ce za ta haɗa su biyu. Malam Chindo ya ce to, a bari a yi arba'in. Kafin arba'in ya ɗaura kaya a amalanke ya koma gonarsa ta nesa. Da nonon akuya ya rayar da Sakina. Wannan ko waɗanda ba sa ga maciji da shi ba sa musu a kai: shi ya yi goyo, shi ya yi wanki, yarinya kuma ta rayu.

Layyar farko bayan rasuwar, kwana biyu da yanka, wani mutum ya iso ƙofar danga da kwanon samira ɗaure da ƙyalle. Alhasan ne, wan Mubaraka. Mariyamu ce ta soya naman layyarsu ta aiko wa marayu. Tun yana nesa Malam Chindo ya hango shi, ya ce wa Zalika ta goya ƙanwarta ta shiga bukka, kar ta yi ko tari. Daga ciki tana jin su. An gaisa gaisuwa mai tsawo. Mahaifinta ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce yara sun bi awaki. Ya juye naman, ya wanke kwanon, ya cika shi da wake, ya ce a kai wa Mariyamu tukuici.

Da baƙo ya ɓace, ya shiga bukkarsa da naman. Bai daɗe ba ya fito ya kira Zalika.

"Sunsuna," ya ce.

Ta sunsuna. Ƙamshin suya na nan, amma akwai wani wari a kansa, kamar tafarnuwar da ta ruɓe, yana hawa ka.

"Kin ji? Wanga shi anka ba uwarki. Yanzu ku sunka biyo."

Ya jefa wa karen gidan tsoka biyu. Kafin la'asar kare ya kwanta yana kumfa, ya miƙe. Malam Chindo ya haƙa rami a gindin aduwa, ya zuba sauran naman, ya jawo karen ya tura, ya sa Zalika ta mayar da ƙasa da hannunta. Shekararta takwas.

Daga nan kowace layya haka ake yi. Kawu Alhasan ya zo, da farko a ƙasa daga Dogarawa, daga baya a babur. Yara su ɓuya. A yi godiya, a cika kwano da wake. A shiga bukka da nama, a fito, a ce su sunsuna, a binne. Ba a ƙara bukatar kare ba. Da Sakina ta yi wayo ita ke riƙe fartanya. Mahaifinsu ya koya musu cewa irin wannan sammu yakan kwanta a ciki har kwana arba'in kafin ya tashi, saboda haka in ka ga mutum ya ci abincin wani bai faɗi nan take ba, ba hujja ba ce.

Shi kaɗai ke zuwa kasuwa. Akwai rediyo a gidan, amma batir a aljihunsa yake, kuma in zai saurara sai ya tafi bayan rumbu. Labarin duniya daga bakinsa suke ji. In ya dawo daga Dogarawa ya sauke gishiri da kanwa, sai ya lissafa musu waɗanda aka binne a satin: wane ya ci tuwon biki, wance ta sha furar maƙwabta. In iska ta kaɗo ƙugin manyan motocin siminti daga hanyar Malbaza, sai ya ce ba siminti kaɗai suke ɗauka ba, har ɗiyan mutane. Lakwal, wato makarantar boko, a faɗarsa, wurin da ake rubuta sunan yaro ne don a san inda za a same shi. Masu rigakafi sun zo sau biyu, yara suna cikin rumbu. Shi ya koya musu salla da surori kaɗan. Da Zalika ta girma, mutum uku suka aiko neman aurenta, ya sallame su a bakin danga. Ita sai bayan shekaru ta ji ma an yi.

Ba ya dukansu. Da take ba ni labarin nan, Zalika ta nanata wannan sau biyu ba tare da na tambaye ta ba. Ta ce in ɗayansu ba ta da lafiya ba ya zuwa gona, kuma duk abin da ya sayo a kasuwa sai ya ɗanɗana a gabansu kafin ya ba su. "Mu gani muke duk duniya mutum guda na ka sonmu da rai," in ji ta.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kusantarsu. Wasu Fulani sun sauka kusa da gonar kaka biyu a jere, matar mai garken, Yero, takan biyo ta jikin danga da ƙwaryar nono, ta tsaya ta yi wa yaran wasa ta tsakanin ƙaya. Wata rana ta miƙa wa Zalika ludayin kindirmo. Zalika ba ta karɓa ba, amma ta gaya wa mahaifinta. Da Fulanin suka tashi, ya dawo daga kasuwa ya ce matar Yero ta rasu, ta ci abincin suna.

Zalika na da shekara ashirin da shida ƙaba ta murɗe wa Malam Chindo a gona. Wani manomi da ke wucewa ya ɗauke shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai shi asibiti a Konni, aka yi masa aiki. Dole wani ya yi jinya. Sakina ta zauna da awaki, Zalika ta bi shi da curin fura na kwana biyu. Ranar ta fara shiga mota, kuma ta ce duk hanya tana riƙe da ƙofa tana kallon motocin siminti.

Masu jinya a ƙarƙashin itatuwa suke wuni, kowa da tabarmarsa da murhunsa, kuma ba mai ci shi kaɗai. Wannan ta miƙa wa waccan kunu, waccan ta mayar da shinkafa. Furar Zalika ta ƙare. Ta kwana biyu ba ta ci komai ba, tana zaune nesa tana lura da wa zai fara faɗuwa. A rana ta biyar da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a kanta tana dubanta.

"Ke ba ɗiyar mai danga ba ce? Ta gindin aduwa?"

Matar Yero ce. Ta tsufa, haƙoran gaba sun zube, amma ita ce. Ɗanta take jinya.

Zalika ta ce, "Ai kin mutu."

"Ni? Yaushe? Ba wanda ya gaya mini," in ji tsohuwar, tana dariya har da riƙe ciki. Ta kira sauran mata su zo su ga mai ba ta labarin mutuwarta. Da ta lura Zalika ba dariya take ba, sai ta kore su, ta zauna, ta dama fura, ta sha rabi a gabanta, ta ajiye mata sauran. Zalika ta sha. Daga ranar ta samu zare tana ƙulli ɗaya kowace safiya. Ƙulli na arba'in a tunga ya same ta, tana surfe.

Ta tambayi mahaifinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Haka anka gaya mini a kasuwa. Kin gani ko? Mutanen da za su kashe mace da baki tana raye, mi za su bari?" Sakina tana wurin, ta gyaɗa kai.

Bayan shekara ɗaya Zalika ta tafi. Ta roƙi Sakina su tafi tare, Sakina ta kai maganar wurin mahaifinsu. Shi kuwa bai hana ba. Ya ce wa Sakina ta kalli yayarta da kyau, don ba za ta ƙara ganinta ba. Zalika ta fita da rana tsaka da ƙullin kaya a ka. A asibiti ta san Najiba, wadda ta taɓa ce mata in ta shigo Konni ta neme ta. Najiba ta sama mata ɗaki da aiki.

Tsoron motocin siminti ya fita, tsoron kasuwa ma ya ragu. Maganar Illela kuwa ba ta taɓa shakkarta ba, don wannan ba labari aka ba ta ba. Hancinta ya ji, idonta ya ga kare.

A kakar wake ta farko da ta yi a mangaza, an gama tsince buhu ɗari da wani abu, mai mangazar ya zo da ƙaramin gwangwani zai yi wa waken magani kafin a rufe. Ya buɗe murfi. Zalika na bakin ƙofa tana shara. Ta yar da tsintsiya ta fita da gudu, ta yi amai a jikin bango, ta dawo tana ihu kar kowa ya taɓa waken nan, an sa masa sammu.

"Sammun wa?" in ji Najiba.

"Na san warin! Wanga warin sammu na!"

"Sammun ƙwari dai. Ke a gidanku da mi kuke ajiye wake?"

"Da toka. Toka da rairayi."

"To ga tokar birni. Ƙwaya ta, a naɗe ta a tsumma a tura cikin buhu. Kowace kasuwa ana saida ta. Ki matsa, ba a shaƙarta."

Mata suka yi ta tsokanarta sati guda. Gaskiya ne a tunga ba a taɓa yi wa wake magani ba. Malam Chindo yakan sayar da yawancin wakensa da kaka, na ci kuwa a tulu ake binne shi cikin toka. Ƙwayar ba ta da aikin yi a gidan, shi ya sa yaran ba su taɓa ganinta ba.

Wani zai ɗauka a ranar magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Zalika ta ce wari ya gaya mata abin da aka sa, bai gaya mata wanda ya sa ba. A Illela ma ana noman wake, can ma akwai kasuwa. Ta yi shekara uku tana juya wannan a ranta. Abu ɗaya ke dawo mata: ba su taɓa sunsuna naman a bakin danga ba. Kullum sai ya shiga bukka ya fito.

Wata ranar kasuwa ta hau mota ta je Dogarawa, ta bi rumfunan masu maganin gona tana tambaya ko sun san Malam Chindo na tunga. A rumfa ta uku ta samu Tanimun, dattijo mai sayar da iri da maganin ƙwari. Abin da ya gaya mata shi ya maimaita mini da na same shi a rumfar tasa.

"Chindo? Shekara da shekaru. Ƙwaya guda yake saye, guda tak. Wa ka sayen guda? Mai buhu biyar ma biyar yake saye. Kuma kullum satin da za a yi layya. Da layya tana faɗowa da rani ban kula ba. Da ta juyo ta shigo damina, wake na gona ko fure bai yi ba, na bara ya ƙare a rumbu, mutum ya zo ya ce a ba shi ƙwaya guda, sai na ce Chindo, wane wake? Ya ce ina ruwana."

Tanimun ba ya rubuta abin da ya sayar. Kuma akwai tsohuwar gaba tsakaninsa da Malam Chindo a kan iyakar gona, tun zamanin iyayensu. Zalika ta san da wannan, ita ce ma ta fara gaya mini.

Malam Chindo yanzu ya haura saba'in, dogo ne, ya ranƙwafa kaɗan. Da na je tungar, ta saman danga ya yi mini magana, bai buɗe ƙofa ba, amma ya gaisa da ladabi, ya tambayi mutanen Konni. Bai musa sayen ƙwayar ba. Ya ce ta ɓeraye ce, a ramukansu yake sa ta, kuma ɓera da damina ma yana ɓarna. Da na ce me ya sa kullum satin layya, sai ya ce satin ne yake zuwa kasuwa sayen kayan salla. Game da naman ya ce da warinsa yake zuwa. Game da matarsa ya ce, "Lafiya lau ta tahi gidansu. Ni na wanke ɗiyanta, ni na goya. Waɗanda sunka ce a ba su jaririya gawar uwa ko sanyi ba ta yi ba, su ka tambaya." Daga nan ya ce lokacin ba awaki ruwa ya yi.

Bara, bayan layya, Zalika ta je Illela. Ta yi tambaya har ta samu gidan. Inna Mariyamu, wadda yanzu ta kusa sittin, ta gane ta tun daga zaure, ta ce tafiyar uwarta ce. Aka kawo ruwa, Zalika ta riƙe moɗa ba ta sha ba. Aka kawo tuwo, ta ce ta ƙoshi. Mariyamu ba ta san ma Zalika ta bar tunga ba, don Malam Chindo bai faɗa ba. Ta fara ba ta labarin yadda take zaɓa musu nama kowace shekara, hanta da ƙirji, ta soya nasu daban don ya daɗe, da yadda take dafa waken tukuici tana cewa yau ɗiyan Mubaraka sun ci daga hannunta. Sau biyu ta je tungar da kanta, ta hango yara sun ruga ciki, aka ce mata kunya ce.

"Inna," Zalika ta ce, "ba mu taɓa ci ba."

"Ba ku taɓa cin mi ba?"

"Naman. Yana gindin aduwa. Duka."

Mariyamu ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa. Kwano ashirin da biyar. Kawu Alhasan, wanda ya yi jigilar dukansu, ya tashi ya ce babur zai ɗauka yanzu-yanzu, in ya so a kira jandarma. Zalika ta ce in ya je da faɗa, Sakina za ta ga abin da aka gaya mata tun tana goye ya tabbata. Ya zauna. Mariyamu ta jawo kwanon tuwon, ta wanke hannu, ta ci loma uku tana kallon Zalika, hawaye na zuba, sannan ta tura mata.

Layyar bana da farkon damina ta faɗo. Zalika ta je Illela tun ranar yanka. Ta tsaya a kan tukunya aka soya naman, ita ta zuba shi a kwanon samira, ita ta ɗaure ƙyalle, kuma a cinyarta kwanon ya yi tafiya har Dogarawa. Daga nan ta ɗauki kabu-kabu zuwa inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa a ƙasa. Mahaifinta ya fito ya miƙo hannu ta saman danga kamar yadda ya saba.

"Kawo in juye."

"A'a, Baba. Bana ba ya shiga ɗaki."

Ta zauna a gindin aduwa ta kwance ƙyalle, ta kira Sakina. Sakina ta zo bakin ƙofa da fartanya a hannu, don ta ji an kawo kwano. Shekara shida ba su ga juna ba.

"Yaya, ke ce? An ce kin lalace a Konni."

"Ni ce. Zo ki sunsuna."

Sakina ta dubi mahaifinta. Ta matso, ta duƙa, ta sunsuna, ta sake sunsunawa.

"Ba shi da warin."

"Bai shiga ɗaki ba."

"Ko sun san ke za ki kawo, shi ya sa ba su sa ba."

"To ai sai a ci, tunda ba su sa ba."

"Ko sun sake wani da ba shi wari."

Zalika ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki hanta ta ci, ta ɗauki ƙirji ta ci, ta ci har ta ƙoshi, ta lashe yatsu. Sakina na tsaye tana kallon maƙogwaronta. Malam Chindo ya ce, "Arba'in dai," ya juya ya shiga ciki. Kafin Zalika ta tashi, Sakina ta sa hannu da sauri ta ɗauki tsoka ɗaya soyayya ta ƙulle a bakin zanenta.

"Ba ci zan yi ba," ta ce. "Ajiyewa zan yi. Ki riƙa zuwa in gan ki."

Zalika ta riƙa zuwa kowace ranar kasuwar Dogarawa. Ta tsaya a gindin aduwa, Sakina ta leƙo ta tsakanin ƙaya ta ce ta buɗe ido, ta fito da harshe, ta juya wuya dama da hagu. A zuwa na uku Zalika na fama da mura, ta ce ta tsaya a hanya ta daɗe tana share hanci don kar a gani. A zuwa na huɗu Sakina ta tambaye ta ko gaskiya ne a Konni ana sayar da ruwan sha a leda, da aka ce mata e, ta ce wannan kam ƙarya ce.

Ranar Asabar da ta wuce kwana arba'in suka cika. Ba ranar kasuwa ba ce, Zalika ta sha wuyar samun mota, ta iso da hantsi. Sakina ta fito waje, har gindin aduwa, abin da ba ta yi ba tun ranar kwano. Ta kwance bakin zane. Tsokar ta bushe ta yi baƙi. Ta raba ta biyu da haƙori, ta miƙa wa yayarta rabi, ta jira ta haɗiye. Sannan ta yi bisimilla ta sa nata a baki. Ta daɗe tana tauna.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce. Can kuma ta ce, "In na kai arba'in nawa, ki zo ki kai ni in ga Innar nan. Gani kawai."

Malam Chindo na tsaye a bakin rijiya, ya ga komai. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Sakina ta shigo, shi zai dama mata kunu da kansa a kwanakin nan, ya sa mata abin da zai karya sammu.

Zalika ta ce wannan magana ce ta hana ta tafiya. Ba ta ce mahaifinta zai cuci Sakina ba, na tambaye ta ta ce ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ko ciwon ciki na wuni ɗaya ya kama Sakina a cikin kwana arba'in ɗin nan, magana ta ƙare, ba za ta ƙara fitowa ba. Ta kuma san cewa bana kwano bai shiga ɗaki ba, ƙwayar bana kuwa an saya. Tanimun ya ce ya sayar masa da ita kamar kullum, satin layya.

Ba ta koma Konni ranar ba. Ta taka zuwa inda salula ke kamawa ta kira Najiba ta ce a riƙe mata wurinta kwana arba'in.

"Arba'in? Takaba za ki yi?" in ji Najiba.

"Girki zan yi."

Najiba ta aiko mata da tabarma, tukunya, leda mai faɗi ta ruwan sama da tiya biyar ta gero, wato kwanon awo biyar, ta hannun direban Dogarawa. Malam Chindo ya ce ba za ta kwana cikin danga ba, wadda ta ci abincin duniya ba ta shiga masa gida. Ta ce ta ji. Jiya Litinin ta kafa duwatsu uku a gindin aduwa, a kan ƙasar da ta mayar da hannunta tana shekara takwas, ta ɗaura ledar a rassa, ta hura wuta. Da mahaifinta ya fito da ƙwaryar kunu yana kiran Sakina, Zalika ta riga ta zuwa bakin ƙofa, ta miƙa hannu biyu ta ce, "Baba, ni zan fara sha."